Shekarar da Allurai Suka Riƙa Ɓacewa

Ranar sunan ɗan Nana ina ɗaki ina ninke zannuwa na jiyo ka, Sadiku, a tsakar gida kana gaya wa matarka cewa kakarku Hajiya ba ta taɓa ƙaunata ba, wai shi ya sa ta daina kwana a gidanmu. Ban fito ba, saboda gida cike yake da baƙi. Amma tun daga ranar maganar ta hana ni sakat. In na zauna kan keken ɗinki sai in miƙe, in na ɗora tukunya sai in manta ko na sa gishiri. Lokacin da abin ya faru kai ba ka kai shekara tara ba, ke kuwa Nana ba a daɗe da yaye ki ba. Yayarku Ummi ce kaɗai ta san yadda aka yi, ita kuma kun san halinta, ba ta tono tsohon zance. Don haka bari in gaya muku da kaina tun ina da sauran ƙarfi, kada ku riƙe baiwar Allah a ranku da abin da ba haka yake ba.

Muna zaune a Limawa a lokacin, a gidan nan da ke da dabino a bayan katanga. Babanku direba ne a sakatariya, ni kuma ina ɗinki a gida, kuma ba yabon kai ba, rabin matan layinmu ni nake yi wa. Wata rana ina wanka na ji wani ɗan ƙullutu a mamana na hagu, kamar ƙwallon dabino, ba ciwo ba ƙaiƙayi. Na share shi na tsawon watanni ina cewa zai baje. Da ya ƙi bajewa muka je asibiti a nan Dutse, suka tura mu Kano, can aka ɗebi wani abu aka auna, aka ce mu dawo. Da muka koma likita ya ce ciwon daji ne, amma an zo da sauran lokaci, za a yi aiki a cire maman, sannan a bi ni da magani. A hanyar dawowa, bayan mun haye gadar Wudil, wajen Kwanar Huguma, babanku ya ce ba wanda za a gaya wa sai mahaifiyarsa.

Hajiya ta taso daga Ringim ba a ko yi mata aike na biyu ba. Ta zo da buhun gero, da kauɗa, da busasshiyar kuɓewa, ta bar awakinta da 'yar gonarta a hannun jikan ƙanwarta, ta ce ba ta komawa sai ta ga abin da Allah zai yi. A ranar da ta iso ta zaunar da mu ni da babanku, ta yanke hukunci: yara ba za su ji ba. In zan tafi asibiti a ce musu na tafi sarin atamfa. Ba don mugunta ta faɗa ba, ta ba da dalilinta. Ta ce yaro ba shi da cikin riƙe magana, kuma ina da 'ya'ya mata biyu, mutane kuwa ba sa mantuwa. A garinsu ta ga gidan da kakarsu ta yi kuturta, har jikokin suka girma maneman aure suna kewaye ƙofar. Ba ta so wata rana a nuna Ummi da Nana da baki a ce 'yan gidan masu daji ne. Na ga gaskiyarta, na amince, har ma na ji wani sauƙi, don ni kaina ban san da wane baki zan fara ba.

Daga nan gidan ya koma wani iri. Magana ba ta ƙarewa a ɗakinmu, amma da yaro ya ɗaga labule sai kowa ya yi tsit. Sau nawa aka aiki Ummi sayen ashana alhali akwai ashana a kan kanta. In na tafi Kano in dawo hannu rabbana, ba ƙyalle ko ɗaya, sai auduga manne a gwiwar hannu inda aka ɗebi jini. Sau ɗaya babanku ya sayo atamfa turmi biyu don kawai a ga an shigo da wani abu. Kai Sadiku ba ruwanka, in dai an kawo maka gurasa shi ke nan. Ummi ce ta canza. Shekararta goma sha ɗaya, yarinyar da da sai an yi da gaske take shigowa daga wasa, sai ga ta kullum tana ƙofar ɗaki, ko tana share wurin da ta riga ta share. In na tashi ta tashi, in na shiga banɗaki in fito in tarar da ita a tsaye. Na lura, amma na kawar da kai. Ita ce 'yar fari, sunan Hajiya gare ta, ko sunanta ban taɓa kira ba, balle in zaunar da ita mu yi hira irin ta uwa da 'ya. Haka muka taso muka ga ana yi.

Ni ma ban fi ta natsuwa ba. An sa ranar aiki bayan ƙaramar Sallah, azumin shekarar kuma a tsakiyar damina ya faɗo. Hajiya ba ta son aikin. Ta sa an kawo mata wani jiƙo daga ƙauye, kullum tana yi wa babanku magiya a ɗaki, tana cewa tun kaka da kakanni an san daji ba ya son ƙarfe, da wuƙa ko allura ta taɓa shi sai ya fantsama. Babanku ya tsaya kan maganar likita, amma jiƙon ma ina sha don a zauna lafiya. Ni kuwa don kada in zauna da tunani sai na karɓi ɗinkin Sallah fiye da yadda na saba. Tun hantsi nake kan keke har la'asar, ƙafata tana aiki, zuciyata tana hanyar Kano.

A cikin wannan rububin allurai suka fara ɓacewa. Da farko ta hannu ce, wadda nake soke wa a gefen labule. Na ce faɗuwa ta yi. Sai fakitin allurar keke gaba ɗaya, sai ƙaramin almakashi, sai reza, sai fil ɗin da nake riƙe kalmasa da shi. In saya yau, jibi babu. Mata suna zuwa suna tsaye a kaina, ni ina ɗage katifa ina zazzage akwati. Na tuhume ka, Sadiku, ka yi ta rantsuwa kana kuka. Hajiya ta ce wannan ba aikin yaro ba ne, akwai hannu a ciki, ta riƙa turara ɗakin ɗinki safe da yamma. Har wuƙar yanka albasa sai da aka nema aka rasa.

Wata rana aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya tun safe, tsakar gida ta cika, ruwa ya shiga akurki. Da aka ɗauke na je fito da kaji, sai na ga ruwan ya zaizaye ƙasar bayan akurkin, bakin wani gwangwanin madara ya fito. Na ciro shi na buɗe. Ga allurai nan sun fara tsatsa, ga fil, ga reza, ga almakashina a naɗe cikin leda, wuƙar albasa kuma a binne a gefe. Ina tsugune riƙe da gwangwanin Ummi ta shigo daga makaranta, hijabinta a jiƙe. Ta gan ni, ta tsaya cak. Ba sai na tambaya ba, amma na tambaya ko ita ce, ta ce ita ce. Na ce me ya sa. Ta kalli laka ta amsa.

"Na ji Hajiya ta ce abin da ke jikinki ba ya son ƙarfe, in ya taɓa ki shi ke nan. Ke kuma kullum sai kin soke yatsanki."

Na zauna a kan turmi. A hankali na ja ta da tambaya, ta fito da sauran. Tun makon da Hajiya ta zo ta tsinci kalmar daji ta bayan labule. Ta tambayi wata ƙawarta a aji mene ne daji in ba na itatuwa ba, ƙawar ta ce wani ciwo ne da ya kama gwaggonta, ana yanka ta ta rasu. Ta je wurin mai kemis na bakin titi ta ce aiko ta aka yi ta tambaya, ya ce ta koma ta turo babba. Ta tambayi malamarsu ta islamiyya, malama ta ce ta yi addu'a, ta kuma tambayi iyayenta. Iyayen nata kuwa sun ce mata atamfa. Tana wanke kofina daban a ɓoye don kada ku ƙanana ku ɗauka. Duk ranar da na tafi Kano ba ta fahimtar komai a aji, don ba ta san ko a ranar ne za a sa mini wuƙa ba. Watanni ke nan yarinyar nan tana ɗauke da wannan ita kaɗai, mu manya uku muna cikin ɗaki muna ganin mun kāre ta.

Ban gaya mata komai ba a ranar, na dai ce ta je ta canza kaya. Da babanku ya dawo na nuna masa gwangwanin. Ya jujjuya shi a hannu, idonsa ya kaɗa, amma ya ce maganar tana hannun Hajiya. Na sami Hajiya na durƙusa na gaya mata. Ita ma jikinta ya yi sanyi, ta ce Allah sarki takwara, sannan ta ce a gaya mata maruru ne ya fito mini, za a matse a asibiti. Na ce Hajiya, maruru ba ya tafiya da mama, ba ya zubar da gashi, in ta ga wannan fa? Ta ce in an je can a san abin da za a ce.

Kwanakin da suka biyo baya ban san inda na sa kaina ba. In fita zaure in dawo, in ɗauki ɗinki in ajiye. Ummi tana bina da ido, yanzu ta san na san ta sani, tana jira. Abin da ya fi tsaya mini shi ne, in aka shiga da ni ɗakin aiki Allah ya yi ikonsa, maganata ta ƙarshe da 'yata ƙarya ce. In kuma na tashi, ranar da ta ga ƙirjina ba za ta ƙara yarda da wani abu da ya fito daga bakina ba. Da na kasa jurewa, na koma wurin Hajiya. Ban so in yi a bayan idonta. Na ce ta yafe mini, amma zan gaya wa yaran gaskiya. Tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba.

"'Ya'yanki ne. Amma in kin yi, kin nuna mini ban isa da gidan ɗana ba."

Na ce wallahi ta isa. Ta ci gaba da tsinkar zogalenta. Na tashi na kira ku.

Bayan la'asar ne, a ɗakin ɗinki. Na zaunar da Ummi da kai Sadiku a kan tabarma, Nana tana goye a bayan Hajiya a waje. Kunya biyu na haɗiye a ranar, ta 'yar fari da ta ambaton jikina a gaban 'ya'yana. Na ce muku ba sarin atamfa nake zuwa ba, asibiti nake zuwa. Na ce akwai wani ƙullutu a mamana, sunan ciwon daji, likitoci za su sa ni barci su cire shi bayan Sallah, ba zan ji zafi ba sai na farka. Na ce daga baya za a riƙa ƙara mini wani ruwan magani mai ƙarfi, zai sa ni amai, zai zubar mini da gashi, kada ku tsorata, aikinsa ke nan, gashin zai dawo. Na ce ba a ɗauka, ku ci a kwanona ku sha a kofina. Ba kuma wanda ya jawo, ba ku ba, ba wani ba. Kai Sadiku ka saurara da baki buɗe, da na gama ka tambaya ko za a fasa ɗinka maka kayan Sallah. Na ce ba za a fasa ba. Ka tambaya ko za ka iya tafiya ƙwallo, na ce tafi. Ummi ba ta motsa ba sai da ka fita.

"Umma, za ki mutu?"

Bakina ya riga ya ɗauko a'a, na mayar da ita.

"Ban sani ba. Likita ya ce an zo da wuri, kuma da yawa masu irinsa suna warkewa. Wasu ba sa warkewa. Rai na hannun Allah. Amma na yi miki alkawari, duk abin da aka gaya mini zan gaya miki, mai daɗi da marar daɗi. Ba sai kin ƙara tsayawa a bayan labule ba."

Sai a lokacin ta yi kuka, irin kukan da ban taɓa jin ta yi ba tun tana jaririya. Na jawo ta jikina, abin da rabona da yi har na manta. Da ta natsu ta ce to maganar ƙarfe fa. Na ce ni ma tsoron yana raina, kuma ban san amsar da zan ba ta ba, amma zuwa na gaba tare za mu tafi ta tambaya da bakinta. Babanku ya yi gunaguni, ya dai bari. A asibitin akwai wata nas 'yar Filato, babbar mace mai Hausa kamar jakar Kano. Na ce mata 'yata tana da tambaya. Ta ja kujera ta zauna daidai tsayin yarinyar, ta bar ta ta yi ta tambaya har ta gaji. Ta ce mata allurar ɗinki ba ta kusa da ciwon, kuma abin da ke sa a ga kamar wuƙa ce ta kashe mutum shi ne yawanci ba a zuwa sai ciwo ya ci ƙarfi. Ummi ta tambaya ko ita ma zai kama ta in ta girma. Nas ɗin ba ta ce a'a ba. Ta ce yawancin 'ya'yan masu shi ba sa yi, amma in ta zama budurwa ta zo a koya mata yadda za ta riƙa duba kanta. A mota muna dawowa Ummi ta yi barci a kafaɗata tun kafin mu fita daga Kano.

Abin da Hajiya ta ji tsoro kuwa bai ɓata lokaci ba. Kai Sadiku ka ɗaga hannu a islamiyya ka roƙi malam a yi wa Ummanka addu'a za a yanke mata daji. Ba laifinka ba ne, ban taɓa ganin laifinka ba, ni ce ban ce ka ɓoye ba, don ban ga yadda zan cire muku ɓoyo ɗaya in ɗora muku wani ba. Kafin Sallah duk Limawa ta ji. Wasu suka zo dubiya da abin arziki, ba zan manta da su ba. Wasu suka aiko yara a karɓar musu atamfofinsu ba a ɗinka ba. Wata maƙwabciya da muke musayar kwanon buɗa-baki shekara da shekaru ta daina aiko nata, namu kuma in an kai sai ya dawo yadda aka kai shi. Aka yi wa Ummi gori a bakin famfo. Ɗinkina bai koma yadda yake ba sai bayan shekaru. Duk wanda ya zo ya tafi, Hajiya ba ta cewa ai na faɗa. Ba ta cewa komai. Daga ranar nan magana tsakanina da ita ta koma gaisuwa da abin da ya zama dole.

Ga abin da nake so ku riƙe. Matar nan da ba ta yi mini magana ita ta yi jinyata. Ita ta zauna a ƙofar ɗakin aiki da carbi har aka fito da ni. Ita take wanke mini jiki lokacin da hannuna ba ya ɗaguwa, ita take kwashe amaina, ita take dama mini kunun tsamiya ta tsaya a kaina sai na shanye. Da gashina ya fara zuba ita ta aske sauran da hannunta, ta haƙa rami ta binne, ba ta bari kowa ya gani ba. Wata da watanni ta yi haka, gonarta ta lalace a Ringim, fuskarta a ɗaure, hannunta a sake. Kuma ba duka ta yi kuskure ba. Ummi ta sami natsuwa, ta koma cin abinci, karatunta ya gyaru, amma ba ta koma wasa ba. Ta zama mai tambayar me likita ya ce tun kafin in cire mayafi, ta san ranar magani, ta san ranar da zan kasa tashi. Na cika mata alkawari, har ranar da aka ce jinina ya yi ƙasa an ɗaga maganin sai da na gaya mata. Wani lokaci in na ga sa'o'inta suna 'yar gala-gala a ƙofar gida ita tana zaune kusa da ni tana sa mini zare a allura, sai in ji kamar Hajiya tana ce mini na ɗora wa yarinya kayan manya. Har yau ban gama wannan lissafin da kaina ba. Abin da na sani shi ne kayan ta riga ta ɗauka, ni dai na kama mata ne.

Da aka sallame ni daga magani, Hajiya ta haɗa kayanta. Na roƙe ta gafara, ta ce ba komai, Allah ya ƙara sauƙi. Bayan nan tana zuwa suna da biki, ta wuni ta koma, ba ta ƙara kwana ba har ta rasu. Na daɗe ina zaton ta tafi da fushina gaba ɗaya. Sai ranar sadakar bakwai ɗinta, muna wanke kwanuka a Ringim, Ummi ta gaya mini abin da ya faru a tasha ranar da suka raka ta ita da babanku. Babanku ya je neman mata kujerar gaba, sai Hajiya ta kama hannun Ummi ta matso da ita, ta rage murya.

"Takwara, in ciwon uwarki ya motsa, ke za ki kira ni. Kada ki jira ubanki, shi ɓoye mini zai yi."